Faifan da Ya Ƙi Ramewa

Da hannuna na goge maganar da kakata ta yi wa ɗanta na fari, ita kaɗai ce kuma ya taɓa samu daga bakinta. Ba don wani mutum mai naci da ya addabe ni a ofis ba, da ta tafi ke nan. Shi ya sa har yau in na idar da salla nake sa shi a addu'a, ko da yake lokacin da muke aiki tare ban cika yi masa kallon arziki ba.

Sana'ata buga tafireta. An ɗauke ni aiki a Batsari a shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa, ana ta buɗe ofisoshi ana neman duk wanda yatsunsa suka san haruffa. A zamanin nan aiki abin gani ne da ido. Ki ɗora farar takarda, ki sa kabon, ki ƙara wata a ƙasa, ki murɗa, ki hau bugu har na ofishin gaba su san kin iso. In an yi kuskure a yage, kwandon shara ya shaida. Fayil in ya yi ƙiba an ƙara masa shafi, in ya rame an cire, a kan wannan ba wanda ya isa ya ja da ni. An kuma horar da mu kada magana ta zauna mana a ka. Ta shiga ta kunne, ta fita ta yatsu, shi ke nan. Na buga takardun kora da na ƙarin girma ba iyaka, amma in ka tare ni a bakin ƙofa ka ce me na gama bugawa yanzu, wallahi sai dai mu kalli juna.

Ina dab da ajiye aiki aka mayar da ni Safana, a can kwamfuta ta same ni. Guda ɗaya aka kawo, aka ba ta ɗaki da labule da fanka, gatan da mu masu rai ba mu samu ba. Wanda aka damƙa wa ita wani malamin lissafi ne da aka ɗauko daga makaranta, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Dogo ne siriri, kullum ƙafar wandonsa a ɗaure da roba saboda keke. Bawan Allahn nan bai yarda da komai ba sai ya gwada. In ya sayo gero a kasuwa sai ya sake awo a gida, ba don yana zargin mai geron ba, wai yana so ya san halin tiyar. In ka ce masa hadari ya taso sai ya fita ya ɗaga kai. Ni kuwa ga saurin hannu ga saurin baki, don haka ba a rasa jin muryata daga ɗakin nan.

Shi ya koya mini na'urar, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Madannanta irin na tafireta ne, yatsuna ba su sha wuya ba. Ajiyar ce ta dame ni. Ba takarda, ba kabon. Abin da ka buga ana adana shi a wani ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba, ka tura shi bakin na'urar ta yi ƙugi ta karɓa. In ka dawo gobe ka yi gyara ka sake adanawa, sabon ne ke hawa kan tsohon ya danne shi, suna ɗaya, fayil ɗaya. Akwai kuma inda za ka taɓa ta nuna maka cikar faifan: wani zagaye kamar waina mai launi biyu, ɗaya wurin da aka cinye, ɗaya wanda ya rage, da lambobi a ƙasa. Malamin Lissafi ba ya zare faifai sai ya tsaya ya ƙura wa wainar nan ido. Ni ban ga amfanin haka ba, na kuwa gaya masa ya fi a ƙirga.

Kawuna, yayan mahaifiyata, Bafulatani ne na gefen dajin Ruma. Ita mahaifiyata an aurar da ita cikin garin Batsari, shi ya sa na tashi da Hausa, Fulatancina bai wuce na sayen nono ba. Shi kuwa tun yana saurayi, dab da samun 'yancin kai, masu allurar shanu suka ɗauke shi saboda ya san dabba kuma yana jin harshe biyu. A haka ya zama malamin dabbobi, har ya tsufa ya koma Runka da 'yan shanunsa. Da ya ji 'yar ƙanwarsa tana aiki da ƙarfen da ba ya mantuwa, sai ya ce zai zo ya ba ni labarin rayuwarsa in zuba a ciki. Na nemi izinin shugaban ofis, na sayi faifaina na kaina. Duk ranar kasuwa sai ya hawo a-kori-kura ya sauka Safana, in an tashi aiki ya jingine sandarsa, ya zauna nesa da na'urar kamar za ta yi harbi, ya fara.

Ya ba da labarin ciwon bushiya da yadda yake kwantar da garke. Ya faɗi yadda makiyaya ke gudu da shanu cikin daji in sun hango su, suna zaton masu jangali ne, sai an tura shi gaba ya yi ta rantse-rantse. Ranar da aka sauke tutar Turawa suna can cikin daji suna kokawa da wani bajimi, sai bayan kwanaki suka ji wai ƙasa ta zama tasu. Da shekarun mai suka zo aka ba su mota, tafiyar kwana biyu ta koma ta hantsi, amma ya ce tun daga nan ya daina sanin sunayen mutanen da yake yi wa aiki. Ni dai ina bugu. Ba mu fitar da komai a takarda ba, mun bari sai an kammala a gurza gaba ɗaya.

Wata ranar sai ya zo kan Inna, mahaifiyarsa, kakata. Kawu ɗan fari ne, kuma a wajensu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi. Kakarsa ce ta raine shi. Na san Inna ina yarinya, mace ce mai barkwanci, mu jikoki tana tsokanarmu har mu yi kuka. Amma da Kawu ya yi sallama sai ta juya wajen ƙoranta ta kama goge wadda ta riga ta goge. Ya ce ranar da zai bi masu allura kowa ya yi masa sallama ban da ita. Ya rataya jaka ya kama hanya, sai ya ji takun kofato a bayansa. Inna ce ta kwanto wata jar saniya da ake kira Ja, wai za ta kai ta mashaya, alhali mashayar tana gabas shi kuma yamma ya nufa. Ta bi shi har bakin daji ba ta ce masa uffan ba. Da saniyar take magana, da ƙarfi, yadda zai ji.

Ya faɗo mini maganar tiryan-tiryan, yana yi da Fulatanci yana mayarwa Hausa. A tsakiya ya jawo malfarsa ya rufe fuska. Ni kuma na kafe idona a gilashin na'urar, yatsuna suna ta aikinsu, don ba ni da hurumin ganin hawayen kawuna.

Da kasuwa ta zagayo, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗiyata, wurin nan na Inna, cire shi."

"Wane wuri, Kawu?" Na sani sarai.

"Kin sani. Abin da ta rufe tsawon ranta, ni zan buɗe shi a takarda jikoki su riƙa karantawa suna dariya? Ba ni ta gaya mawa ba ma. Nagge ta gaya mawa." Haka yake kiran saniya da Fulatancinsa.

Na ce, "Haba Kawu, ku dubi Allah. Littafin nan fa daga allura sai kashin shanu. Nan ne kaɗai mutum zai karanta ya ajiye ya yi shiru."

Ya buga sanda a ƙasa. "Na ce ki cire."

Na cire. Na shafe shafukan nan ina huci, na sake adanawa, na'ura ta yi ƙuginta, sabo ya danne tsoho. Ranar ba mu yi wani aikin kirki ba, ya tashi da wuri don kada motar Runka ta bar shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar na sake binne tsohuwar nan.

Ina haɗa jakata Malamin Lissafi ya zo rufe ɗaki, ya tsaya kan wainarsa kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Hajiya, ƙari kika yi yau ko ragi?"

"Ragi. Shafuka na zubar."

"To ya aka yi faifan ya ƙara cika?"

Na ce ina ruwana, wataƙila ƙarya take yi, ya kulle ƙofa ina da tuwon tuƙawa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ko dai ƙarya take ko mu ne ba mu fahimce ta ba, kuma kowanne ne dole a sani, don in tana ƙarya a kan abin da aka cinye za ta yi a kan abin da ya rage, wata rana littafin tsoho ya rasa wurin zama ana tsakiyar aiki. Ya zare faifan ya miƙo mini. "Kada ki sake adana komai a kansa sai na gwada."

Washegari da safe, da yake akwai wuta, ya kawo wani faifai fanko ya zaunar da ni. Wai in buga masa "akuya ta ci dusa", in yi ta maimaitawa har shafuka su taru. Ni da na buga jawabin manya, yau ga ni da akuya. Na buga, muka adana, ya duba lambobi. Ya ce in goge rabi in sake adanawa a kan na farko. Na yi, ya duba, wurin da aka cinye ya ƙaru. Na sake gogewa, ya sake ƙaruwa. Har muka kai fayil ɗin bai fi layi biyu a ido ba, amma a lissafin na'ura ya fi na farko nauyi. Nan kam na daina gunaguni, don abin ya taɓa sana'ata, ban taɓa ganin fayil ɗin da ake zare masa shafi yana ƙiba ba.

Sai ya ce in ɗauki layi biyun nan in adana su da sabon suna. Sabon ya fito siriri, daidai abin da ido ke gani. Muka koma kan mai ƙibar, ya ce mu ci gaba da danne shi, ƙara kalma, adana, cire kalma, adana. Muna ta yi har na fara hamma, can sai lambobin suka faɗo gaba ɗaya, fayil ya rame lokaci guda ba wanda ya ce masa. Malamin Lissafi ya tafa hannu kamar an yi masa albishir da haihuwa. Na ce to alhamdu lillahi an gama. Ya ce ina, sau ɗaya ai ba gwaji ba ne, a sake daga farko, wannan karon da tunkiya. Saura kaɗan in jefe shi da abin huda takarda.

Da tunkiyar ma haka aka yi. Amma kafin fayil ɗin ya rame sai ya tsayar da ni, ya buɗe shi ta wata hanya da ke nuna cikinsa tsirara, ba yadda aka saba gani ba. Gilashi ya cika da tarkacen alamomi marasa kan gado, a tsakaninsu kuwa ga tumakin da na goge, suna nan reras suna cin dusarsu. Bayan ya rame muka sake leƙawa, ko ɗaya babu.

Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Ba ƙarya take ba. Gaggawa gare ta. In kin goge abu ba ta kwashe shi nan take, rufe shi take yi ta sa alama kada a nuna, kamar wadda ta tura shara bayan ƙofa don baƙi sun iso. Sai ta taru, ranar da ta ga dama ta kwashe duka. Lissafinta na abin da ke ciki ne, ba na abin da muke gani ba."

Na ce, "Malam, ke nan maganar Inna tana nan?"

"Yau dai tana nan. In kika sake danne shi, ban san ko ranar kwashe shara ce ba."

Ya sa na kwafe littafin a sabon faifai da sabon suna don mu ci gaba a can. Tsohon kuma ya nuna mini wani ɗan makulli a kusurwarsa, ya tura shi da farce, ya ce yanzu ba abin da zai ƙara hawa kansa. Na ji daɗi har na yi masa murmushi, abin da bai saba gani ba. Sai ya ɓata rawarsa. Wai dole in gaya wa mai labarin. Na ce a kan me, ba ga shi a gilashi an goge ba? Ya ce mutum ya ce a goge, ba ta gogu ba, haƙƙinsa ne ya sani, in ya ce a ƙone faifan sai a ƙone. Na yi faɗa, na ce masa shi dai ba ya iya ganin abu ya zauna lafiya. Ya bar ni na gama, ya ɗaure ƙafar wandonsa ya hau kekensa. Na kwana ina jin haushinsa, don na san shi ke da gaskiya.

Ranar kasuwa na gaya wa Kawu, ina jiran ya ce a kawo ashana. Ya daɗe yana kallon faifan a tafin hannuna.

"Ana ganinta?"

"Ba a gani, Kawu, sai an tona."

"Wanda ya buɗe littafin zai karanta ta?"

"Ba zai ko san da ita ba."

Sai ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai. "Ashe ƙarfen ga yana da kunya. Bar ta yadda take. Haka mai ita ta aje ta."

Bai karɓa ba. Na naɗe faifan a tsumma mai tsabta, na sa a gwangwanin alewa, na tura ƙasan akwatina. Muka gama littafi, aka gurza, aka ɗinke, ya raba wa 'ya'yansa, ba Inna ba jar saniya. Ni ma lokacina ya yi, na ajiye aiki na koma Batsari.

Damina ta zagayo ta sake zagayowa, sai aka aiko cewa Kawu ya faɗi a turke, ɓarin jikinsa ya shanye. Na hau mota zuwa Safana, na hau babur zuwa Runka. A lokacin hanyar nan mace takan bi ta ita kaɗai ba abin da take tsoro sai taɓo. Na same shi maganarsa ta fara dawowa, amma kansa ya zama rami-rami. Yana tuna sunan ciwon shanu, ya manta sunan jikansa. Matarsa ta ja ni gefe ta ce akwai tambayar da ya ishe su da ita safe da yamma, wai me aka ce wa naggen. 'Ya'yansa sun ɗauka ruɗewar ciwo ce, suna ce masa shanu suna lafiya, an ba su ruwa. In suka faɗi haka sai ya juya fuska bango ya yi ta hawaye.

Da na durƙusa na gaishe shi ya kama bakin mayafina da hannunsa mai lafiya. "Ɗiyata, ina ganin hanyar. Ina ganin Ja. Ina jin muryarta a bayana, amma maganar ta ɓace. Me ta ce?"

Na matsa kaina iya matsawa, abin da ya fito kawai akwai man shanu a ciki. Ni da na buga ta harafi-harafi, horon da nake taƙama da shi ya tsiyayar da ita tun ranar. Ban taɓa jin haushin sana'ata irin na wannan rana ba. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe.

Na kwana Batsari, na ɗauko gwangwanin alewa, da hantsi ina ƙofar ɗaki mai labule. Malamin Lissafi yana nan, furfura ta ƙaru, robar wando ba ta canja ba. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da gajiya da mai jiki. Na kwance tsumma. Ya ɗaga faifan wajen haske, ya ja ɗan murfin ƙarfensa ya leƙa ko danshin damina ya kama shi. Na ce ya buɗe mu gani mana. Ya ce a'a, sai ya kwafe shi tukuna a wani, a tona kwafin, na ainihin a bar shi lafiya. Na'ura ta daɗe tana ƙugi, ina ta salati a zuci. Da ta gama ya duba wainar wannan, ya duba ta wancan, ya ga lambobi sun yi daidai, ƙibar tana nan yadda muka bar ta. Ranar ban ce masa ya yi sauri ba.

Ya buɗe cikin fayil ɗin, tarkace ya cika gilashi. Ya ce in ba shi kalma ɗaya da na tabbata tana ciki, na ce nagge. Na'ura ta yi tsalle ta dira a kanta. Ga ta nan, maganar Inna, a yayyanke, wani yanki nan wani can, alamomi sun shiga tsakani kamar tsakuwa a shinkafa, amma ba abin da ya ɓace. Da ya ga haka sai ya tashi ya ba ni kujerar, ya juya tasa ya fuskanci taga. Ya ce ba tasa ba ce, ba zai karanta ba, in na maƙale in kira shi.

Na tsince ta yanki-yanki har azahar. Da na haɗa, na ce ba zan ƙara ba gilashi amanarta ba. Tsohuwar tafiretata tana nan a lungu an rufe ta da buhu. Na kakkaɓe ta, na ɗora takarda, na sa kabon, na buga a hankali kamar 'yar koyo, wannan karon ina barin kowace kalma ta zauna. Da zan tafi na tsaya a ƙofa na ce, "Malam, Allah ya saka maka da alheri. Duk abin da na taɓa gaya maka a ɗakin nan ka yafe mini." Ya ce ba komai, ai gwaji ne ya yi kyau. Na gode wa mutumin nan har cikin raina, na gode wa nacinsa da akuyarsa da tunkiyarsa.

Na isa Runka bayan la'asar. An fito da Kawu inuwar ɗorawa kusa da turke, an jingina shi da matashi. Na roƙi mutanen gida su ba mu wuri. Na ce, "Kawu, kun ce a bar ta yadda take. Na tono. In kun ce in mayar, sai in mayar."

Ya ce, "Karanta."

Na warware takardar, na ɗago na dube shi, sai na ji ba zan iya ba. Ba maganar da ake faɗa wa mutum a fuska ba ce. Akwai wata karsana ɗaure a turke tana tuƙa, ba ja ba ce, fara ce mai ɗigon baƙi, amma ita ke kusa. Na juya mata, na ba Kawu baya, na ɗaga murya yadda zai ji.

"Ke Ja, ki gaya wa masu tafiya, tabkin da ba su sani ba kada su sha sai sun ga tsuntsu ya sha. Ki ce akwai mai ƙafar da ke tsagewa in an yi sanyi, man shanu yana cikin ɗan ƙaho a gindin jaka, ƙarƙashin riga. Ki ce in Hausawa sun ɗaga masa murya kada ya ɗauka zagi ne, haka maganarsu take. Ki ce kada ya riƙa ba da abincinsa yana cewa ya ƙoshi, an san halinsa. Ki ce ƙwaryarsa za a kife ta, ba mai sha da ita sai ya dawo. In ya tambaye ki wa ya aiko ki..."

"Ki ce ba kowa," in ji Kawu daga bayana.

Haka yake a takardar. Na tsaya ban waiwaya ba, ina jin numfashinsa yana sama yana ƙasa. Karsanar ta daina tuƙa ta kalle mu. Can sai na ji ya gyara murya, ba da ni yake ba.

"Ke Fara," ya ce, "ki ce mata man ya kai ni har bazara. Ki ce na ji duka, tun ranar na ji."